Teku a Hagu Har Jidda

A shekarar da Doha ta cika da ƙarafan gini ana shirin wasannin Asiya, babu Bahaushen da ya kai Sabo sanin hanya a ƙasar Larabawa. Shi ya faɗa, kuma har yau ba a ji ya janye ba.

Direba ne a wani kamfanin shara da goge-goge. Da safe ya kwashi ma'aikata ya zube su a gindin dogayen benayen West Bay, da yamma ya koma ya kwaso su. Iyakar tafiyarsa ke nan. Amma in ya zauna a majalisar Juma'a ta Al-Sadd, inda 'yan Najeriya da 'yan Zangon Gana ke haɗuwa a ƙofar gidan Zuwera mai shinkafa da wake, sai ka rantse da shi aka shata titunan duniya. Ya ce kakansa madugu ne, ya sha kai ayarin alhazai Makka da ƙafa, kuma irin wannan abu a jini yake. Tun ana ce masa Madugu da wasa har ya daina amsa Sabo.

A wannan majalisa akwai Baba Mumin, kawun Zuwera, mutumin Kumasi. Ya tsufa yana sauke kwalayen tumatir a kasuwar Abu Hamour, ƙarshen watan kuma zai koma gida, komawar da ba dawowa. Tun shekarar da ya sauka Doha ya sayi harami, ya tura ƙarƙashin katifa cikin ledarsa, bai taɓa warwarewa ba. Bana dai kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ba shi izinin fita na 'yan kwanaki. Biza ta fito. Malam Masahudu, limamin majalisar, ya kama masa kujera shi da Zuwera a bas ɗin Umra da za ta tashi ran Juma'a bayan la'asar. In wannan ta wuce Baba, sai dai ya ci gaba da ganin Ka'aba a jikin kalanda.

"Bas?" in ji Sabo, ya ajiye cokali. "Baba, da wannan gwiwar taka za a cusa ka cikin bas? Direban ba ya tsayawa sai ya ga dama. Ka ce masa alwala, ya ce maka yalla, a wuce. Ku bi ta hamada, ba abin kallo sai raƙuma masu fushi. Alhali ga hanyar alhazan da, ta bakin teku. Iska na kaɗa ka, kifi na tsalle."

Ghali, wani Bazazzage mai gadi a ɗaya daga cikin benayen, ya ɗago kai. "Wa ya taɓa bin ta?"

"Mutanen da."

"Suna ina?"

"Sun isa mana. Ka ji wani ya dawo yana ƙorafi?"

Sabo ya share gefen tabarma, ya ajiye murfin kwano nan, ya ajiye kwalbar lemo can. "Jidda a bakin me take?"

Aka ce teku.

"Doha fa?"

Aka ce teku.

"To. Ka sa teku a hagunka, ka taka mai. Ko ka so ɓata ba ka da wajen ɓata."

Malam Masahudu ya gyara zama. "Sabo, ai teku biyu ne. Tamu daban, ta Jidda daban."

"Allah ya gafarta Malam, ka ɗanɗana su? Duk gishiri ne."

Ba hujjar ce ta ci Baba Mumin ba, katifa ce. Sabo ya yi alkawarin cire kujerun baya ya shimfiɗa masa katifa, ya miƙe ƙafa tun daga Doha, kuma duk inda ya ce a tsaya za a tsaya. Baba ya shafa gwiwarsa ya ce, "Ɗana, in haka ne na bi ka." Zuwera ta ce inda kawunta ya sa ƙafa nan za ta sa, ko da ba ta ga alamar hankali a wurin ba. Ghali, wanda shi ma yana da kujera a bas ɗin Malam, ya ce zai bi su don a samu shaida.

Mota ba ta yi wuya ba. Kafil ɗin Sabo ya ji an ce tsoho za a kai Umra, ya ba da aron ƙaramar bas ta kamfani don a raba ladan da shi. Sunan kamfanin na rubuce a jikinta da manyan baƙaƙe, gefe da gefe, har da lambar waya.

Cikin mako guda Sabo ya mai da ƙofar gidan Zuwera tasha. Ya ɗora tukunyar gas, da kula, da buhun shinkafa, da bokitin wanki, da igiyar shanya. Ya kuma yi shela cewa a motar madugu ba a ƙayyade zamzam, duk mai so ya kawo jarka. Aka kawo. Masu gadi suka kawo, direbobi suka kawo, har wani Basudane mai aski da ba a san wa ya gaya masa ba ya kawo tasa. Sabo ya zura igiya ɗaya ta hannun jarkokin duka, ya naɗe su a kan kariya, ƙarfen ɗora kaya na saman mota, motar ta zama kamar mai sayar da robobi ta yi ƙaura.

"Fasfo," in ji shi ran Juma'a da hantsi. "Kowa ya kawo nasa wajen madugu."

"Namu na cikin jakata," in ji Zuwera, "jakata kuma na jikina."

Ghali ya dubi Sabo, ya dubi Zuwera, ya miƙa mata nasa. Sabo ya ce ba komai, shugabanci haƙuri ne, ya jefa nasa cikin aljihun gaban mota ya rufe.

Sai ya shige banɗaki. Da ya fito, idon majalisa ya koma kansa. Ga Sabo cikin fararen tawul biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa, kai ba hula, ƙafa cikin silifa.

"Sabo," in ji Malam Masahudu, "harami sai an kai mikati ake ɗaurawa. Can kusa da Makka. Sa tawul ba laifi, amma kada ka yi niyya. In ka yi, ba fita sai ka yi ɗawafi."

"Malam, wanda ya ɗaura daga nesa da wanda ya ɗaura daga kusa, ladansu ɗaya?"

"Ba a nan take ba."

"A nan take. Ni nawa ladan da kilomita za a auna shi."

Kafin Malam ya sake buɗe baki, Sabo ya hau matakalar mota, ya ɗaga murya yadda har masu shagon ƙetaren titi suka leƙo: "Labbaika Allahumma Umra!" Mutane suka yi kabbara, don ba su san abin da za su yi ba in ba ita ba. Malam ya ce Allah ya sa a dace, ya ƙara da cewa bas ɗinsa dai bayan la'asar za ta tashi. Sabo ya ce in sun iso Makka su tambayi masaukin Madugu.

Ya so Baba Mumin ma ya ɗaura nasa. Baba ya rungume ledarsa ya ce ta jira shekaru, za ta iya jiran mikati.

Har Wakra tafiya ta yi kyau. Teku na hagu, Sabo na nuna ta da yatsa duk bayan ɗan lokaci kamar shi ya ajiye ta a wurin. A gidan mai na Wakra igiyar jarkoki ta saki, wutsiyarta ta sauko tana jan ƙasa. Sabo ya kama tsani zai hau kariya. Yana ɗaga ƙafa iskar teku ta zo ta gaida tawul ɗin ƙasa. Ya sauko. Ya sake gwadawa da hannu ɗaya a tsani, ɗaya a ƙugu. Iska ta koma kan na sama, ta yaye shi, ta kai shi ta shimfiɗa a gilashin motar wani Balarabe da ke bayansu. Balaraben ya fito, ya ninke tawul ɗin, ya miƙo da hannu biyu, ya tambaya ko filin jirgi suke nema, don sun wuce shi tuni.

"Gaya masa ta ƙasa za mu," in ji Sabo.

Ghali ya gaya masa da guntun Larabcinsa. Balaraben ya nuna yamma da dukan hannunsa, ya ce hanyar Saudiyya can take. Sabo ya yi murmushi ya ce wa Ghali, "Ka gani? Ɗan ƙasa ma bai san ta ba."

"Madugu, mutumin nan a nan aka haife shi."

"Ghali, ina cikin harami. Ba a jayayya da mai harami."

Wannan kalma ta yi wa Sabo daɗi ƙwarai. Zuwera ta ce a duba ruwan inji, ya ce ba a jayayya da mai harami. Ghali ya ce allon can ya ce hanya ta kusa ƙarewa, ya ce ba a jayayya da mai harami. Wani ƙuda ya shigo ya zauna masa a kan hanci, ya ɗaga hannu zai make shi, Ghali ya ce, "Madugu, mai harami ba ya kisa." Sabo ya sauke hannu. Ƙudan ya yi tafiya da su har bayan Mesaieed.

Can kwalta ta ƙare. Ba lalacewa ta yi ba, ƙarewa ta yi, kamar an yanke ta da wuƙa. Gaba sai tuddan yashi a dama, teku a hagu, da jama'ar da suka fito hutun Juma'a: Larabawa da manyan jif-jif, Indiyawa da tabarmi, yara a kan raƙuma. A bakin kwaltar motoci sun yi layi, kowane direba ya tsuguna yana sace iskar tayarsa.

"Me suke yi?" in ji Baba Mumin daga kan katifa.

"Faci," in ji Sabo. "Duk sun yi faci. Rashin shiri ke nan."

"Da hannunsu suke cire iskar," in ji Ghali. "Ko a yashi haka ake yi?"

"Taya ba iska? Ka taɓa ganin an ba doki yunwa don za a yi sukuwa?"

Ya fito da famfon ƙafa, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ya ƙara musu iska har suka yi tauri kamar turmi. Yana taka famfo yana riƙe da ƙugu, rana na dukan tsakar kansa. Zuwera ta miƙo masa hularsa don tausayi. Ya miƙa hannu, Ghali ya yi tari. Ya janye hannun.

Suka shiga yashi, motar ta yi taku kaɗan ta zauna. Ghali da wasu Indiyawa masu kirki suka tura. Ta fita ta sake zama. A turi na uku ta gangara hagu, ta faɗa kan jiƙaƙƙen yashin bakin ruwa, sai ga ta tana gudu sumul kamar a titin Corniche na bakin tekun Doha. Yashin ya daddale, ya yi faɗi, ruwa na can nesa yana walƙiya.

Sabo ya gyara zama. Sannan ya ce, "Kwaltar Allah ke nan. Ba rami, ba danja, ba ɗan sanda. A nan kakana ya bi."

"Kakanka ba ta Sudan ka ce ya bi ba?"

"Ghali."

"Na sani. Harami."

Da rana ta take, Baba ya nemi a tsaya. Sabo ya tsaya a tsakiyar filin yashin, ya ce nan ne zangon farko, a sauke kaya. Aka fito da tukunyar gas. Zuwera ta ɗora ruwa, Ghali ya kama yankan albasa, Sabo ya ɗaura igiyar shanya daga madubi zuwa wani itace da ya kafa, ya wanke gefen tawul ɗinsa da baƙin mai ya ɓata a Wakra. Baba ya yi alwala, ya zauna a kan kula yana kallon ruwa, ledar haraminsa a cinya.

Zuwera ce ta tsaya da muciya a hannu. A Nima ta girma, cikin Ankara, ta san teku tun tana yarinya, kuma irin na can take kiran namiji Masa, wato maigida. "Masa Sabo, yashin nan a jiƙe yake."

"Shi ya sa ya yi daɗin tuƙi."

"Wa ya jiƙa shi?"

"Raɓa."

"Da tsakar rana? Ei! Teku ce ta jiƙa shi. Tana tafiya tana dawowa. Nan da muke ɗakinta ne, ta fita unguwa ne kawai."

Sabo ya yi dariya har tawul ya motsa. "Ruwa ne ko 'yar kasuwa? Shekara nawa ina wucewa ta Corniche safe da yamma, teku na inda na bar ta. Amma don hankalinki ya kwanta." Ya ɗauki murfin tukunya, ya taka har bakin ruwa, ya ja dogon layi a yashi, ya dawo. "In ta tsallake wancan, ki kira ni."

Ya shiga inuwar mota ya kishingiɗa. Shinkafa ba ta tsotse ba Zuwera ta ce, "Masa Sabo, ta tsallake."

Ya je ya duba. Layin ba ya nan. Ya ce wataƙila wani yaro ya share, ya ja sabo kusa da mota. Kafin ya miƙe daga sunkuyon, ruwa ya zo ya lashe sabon, ya haɗa da silifarsa ɗaya.

"A kwashe kaya," in ji shi. "Ba don komai ba, lokacin tashi ne ya yi."

Aka jefa komai ciki, har tukunya da zafinta. Sabo ya tada mota, ya sa giya, ya taka. Tayoyin nan masu tauri suka juya a wuri ɗaya, suka haƙa wa kansu rami, suka shige. Ya sa ribas, suka ƙara shigewa. Ya ce Ghali ya tura. Ghali ya tura, ya samu laka a fuska da gaban riga.

"Tura da ƙarfi mana, kai wane irin..."

"Madugu. Harami."

Sabo ya haɗiye sauran. Ya ce, "Wane irin bawan Allah ne kai, Allah ya yi maka albarka," da murya irin wadda ba a sa albarka da ita.

Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Salansa ta yi kurkure sau biyu, inji ya mutu. Bokitin wanki ya fita ta ƙofa ya kama gabansa. Zuwera ta ɗaure jakarta a ka, ita da Ghali suka kama Baba Mumin hagu da dama suka fitar da shi zuwa busasshen yashi. Hannunsa biyu na sama, riƙe da ledar harami, kada ko ɗigo ya taɓa ta. Da suka zaunar da shi sai ya juya ya dubi motar, ya dubi rana da ta fara karkata, ya ce a hankali, "Zuwera, Makka ta wane gefe take?"

Zuwera ta karɓi wayar Ghali ta kira Malam Masahudu. Malam ya saurara har ta gama, ya ce direban bas ba Bahaushe ba ne, ba ya jin a yi haƙuri, ana sallame la'asar zai tashi.

Sabo kuwa ya ƙi barin mota, ya ce madugu ba ya gudu ya bar ayari. Da ruwa ya shigo kujerar direba sai ya fita ta taga ya haye kariya, wannan karon bai damu da iska ba. Jama'ar hutu suka baro tabarminsu suka yi layi a bakin ruwa. Ga bas a cikin teku, sunan kamfani na kyalli a jikinta, ga mutum tsaye a kai cikin harami, silifa ɗaya. Duk mai waya mai kyamara ya ɗaga. Sabo ya ga an taru, ya ga bai kamata a tsaya shiru ba, ya kama Labbaika. Wasu daga cikin masu kallo suka amsa.

Wasu samarin Larabawa suka zo da jif da igiya, suka jefa masa bakin, suka yi masa nuni ya ɗaura a ƙarƙashi. Sabo ya ce shi za a koya wa ɗauri? Ya sauko cikin ruwa ya ɗaura a bamba. Jif ta ja. Bamba ta iso gaɓa lafiya ita kaɗai.

Girgizar ce ta ƙarasa kwance igiyar kariya. Jarkokin zamzam suka zubo gaba ɗaya, suka hau ruwa, suka jeru a igiyarsu ɗaya bayan ɗaya, farare da shuɗaye, suka nufi kudu a natse. Kowa ya bi su da kallo.

"Kun gani?" Sabo ya ɗaga murya daga cikin ruwa. "Ga shi nan! Su da ba su da taya sun kama hanya!"

Katafilar wasu masu aikin hanya ce ta fito da motar, janwe ya ɗora ta a baya. Baba da Zuwera suka shiga gaba wajen direban janwe, wani Bafakistane marar magana. Zuwera ta nuna masa rana, ta nuna masa Baba, ta nuna masa ledar harami. Mutumin ya gyaɗa kai ya taka mai. Ghali da Sabo suna can sama cikin bas ɗin da ke ɗigar ruwa, Sabo a kujerar direba, hannu a kan sitiyari. In janwe zai yi kwana sai ya murza.

"Madugu," in ji Ghali, "teku ta koma dama."

"Ba a jayayya..."

"Ba jayayya nake ba. Labari nake ba ka."

Sun shigo Al-Sadd an sallame la'asar. Majalisa ta cika fiye da ta safe, don ga masu rakiyar bas ɗin Malam, ga waɗanda suka raka Sabo da hantsi ba su watse ba, suna jiran ragowar shinkafar da Zuwera ta bar wa maƙwabciyarta. Babbar bas ta riga ta tada inji. Janwe ya sha gabanta ya tsaya, ruwan gishiri na zuba daga ƙofofin ƙaramar, ciyawar teku na reto a inda bamba take da.

Sai Basudanen nan mai aski ya matso ya ce, "Umra maƙbula. Ina jarkata?"

"Tana hanya," in ji Sabo daga sama. "Ta riga mu."

Zuwera ta riga ta sauko da Baba, tana jan sa wajen Malam Masahudu. "Malam, ko tsakanin kujeru ne, ko a kan matakala..."

"Kujerunku uku na nan," in ji Malam. "Ban ba kowa ba."

"Ka san za mu dawo?"

"Na san Sabo."

Baba Mumin ya hau, ya zauna, ya lanƙwashe gwiwar da aka yi duk wannan don ita, bai ce ta yi ciwo ba. Ghali ya hau da lakarsa. Sabo ya diro daga janwe ya ce a matsa masa, madugu zai zauna kusa da direba ya riƙa nuna masa hanya. Direban ya ce fasfo. Sabo ya koma ya buɗe aljihun mota. Ruwa ya fara fitowa, sannan wani ɗan ƙaguwa, sannan fasfo. Ya kumbura ya yi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Da aka ɓamɓare shafin hoto, mutumin da ke ciki ba shi da hanci, bizar kuma ta zama shuɗin tabo.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya. Kafil ɗin Sabo ya fito da waya a hannu. Hoton motarsa ya riga janwe isowa gari, ya ce tun azahar mutane ke kiran lambar da ke jikinta suna tambaya ko kamfanin na wanke teku. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya dubi Sabo daga silifa zuwa tsakar ka, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya karɓi makulli.

Babbar bas ta ja. Ta taga aka ga Baba Mumin ya ɗora leda a cinya, yana warware bakinta a hankali.

Sabo ya juya ya ce a miƙo masa wandonsa.

Malam Masahudu, wanda bana rakiya kawai ya yi, ya girgiza kai. "Ka yi niyya, Sabo. Gaban jama'a, da ƙarfi. A karatun da muka yi, wanda ya ɓata hanya ba ya kwance harami sai ya je ya yi ɗawafi."

"To yaushe?"

"In fasfo ya fito."

"Yaushe zai fito?"

"Sai an aika ƙetare an yi sabo. Wata nawa, Allah ya sani. In ka matsu ka sa ɗinkakke, akwai fansa."

Sabo ya dubi majalisa, majalisa ta dube shi. Ya gyara tawul ɗin kafaɗa ya ce madugu ba ya fansa.

Kafil bai kore shi ba. Ya mai da shi wankin motoci a harabar kamfani, ya ce mutumin da ke yawo da tawul biyu ya riga ya zo da kayan aiki. Nan Sabo ya zauna, ba hula, ba aski, ba yankan farce, ba zagi. Na ƙarshen ne ya fi ba shi wuya, don direbobi sun gano, kowa ya dawo daga aiki sai ya tambaye shi ko teku na hagu.

Juma'ar da ta zagayo matafiya suka dawo. Baba Mumin ya shigo majalisa da kai a aske, fuska na sheƙi, ana ta shafa hannunsa. Ya raba dabino, ya zuba wa kowa zamzam a murfin kwalba. Da ya zo kan Sabo, wanda ke zaune a gefe cikin tawul da suka fara komawa ruwan ƙasa, sai ya rungume shi.

"Ɗana, na yi maka addu'a a gaban Ɗaki. Ba don kai ba da ban san daɗin bas ba." Ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙunshi. "Ga tsarabarka."

Sabo ya kwance. Farar hula ce ta Makka, da 'yar kwalbar turare.

Ya riƙe hula a hannun dama, turare a hagu. Ya ɗaga hular har ta kusa kai, Ghali ya yi tari.

"Sa su a leda ka tura ƙarƙashin katifa," in ji Zuwera. "Kawu ma haka ya yi, ga shi ya je."

Sabo ya ninke hular, ya soke ta a ƙugun tawul. Ya jawo murfin kwano ya ajiye nan, ya jawo kwalbar lemo ya ajiye can, ya share tabarmar da ke tsakaninsu.

"Na gano inda aka yi kuskure," in ji shi. "Fasfo na fitowa za mu tashi. Wannan karon teku a dama."